Mukullin Ɗakin Macizai

Shekarun baya, wajen farkon shekarun casa'in, ina aiki a wata makarantar sakandare a Azare, ni ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje. Aikina wanke kwalabe, goge tebura da kiwon fararen ɓeraye. Amma in ka gan ni cikin farar riga da biro biyu a aljihu, wallahi sai ka rantse likita ne.

Malamin da nake ƙarƙashinsa Kirista ne daga kudancin Bauchi, ya yi karatu a Amurka. Mutane kan dawo da rediyo ko agogo, shi kuwa macizai uku ya dawo da su, namiji ɗaya da mata biyu. Macijin masara yake kiransu, don in ka juya cikinsu za ka ga baƙi da fari a jere kamar ƙwayar masara. Ba su da dafi, ba su da faɗa. Duka ukun kamarsu ɗaya, ruwan goro da manyan tabo ja a gadon baya, kowane tabo an zagaye shi da baƙi. Da suka yi ƙwai aka ƙyanƙyashe, sai ga ikon Allah. Wasu sun biyo iyayen, wasu jajaye ba ko ɗigon baƙi, idonsu ma ja, wasu ruwan toka, ɗaya kuma fara sol. Malam ya ware musu ƙaramin ɗaki, kowanne da akwatinsa da takarda a manne. Abin da yake bincike shi ne wace uwa ke fitar da wane launi, kuma shekara uku ke nan yana wannan aikin.

Ni na fara cire tsoro na riƙe su da hannu. Na haddace sunayen launukan da Turanci daga littafin Malam, in baƙi sun zo ni ke bayani, ina yi ina gyara wuyan riga. A raina, bayan Malam sai ni.

Ina da aboki Bafillace daga wajen Giade. Tare muka fara firamare, mahaifinsa ya cire shi a aji uku ya mai da shi kiwo. Ni na nemo masa aikin kula da shanun gonar makaranta, ku lura da wannan, ni da ƙafata na kawo shi. Ni kuwa Babarbare ne, kun san tsakaninmu da su, in ba mu tsokani juna ba ranar ba ta cika ba. Wata rana ya zo karɓar maganin ciwon kofato, na ja shi ɗakin macizai don in ga Bafillace yana gudu.

Bai gudu ba. Ya jingine sandarsa, ya tsuguna gaban akwatunan yana bin su da kallo, har na fara gajiya. Can ya nuna masu ruwan toka guda uku ya ce, "Waɗannan biyun uwarsu ɗaya. Waccan kuwa 'yar ɗayar ce."

Na tuntsire da dariya. "Kai Bafillace, an ce maka maruƙa ne?"

Ashe Malam yana bayanmu. Ya buɗe littafinsa, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya cire tabarau ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Abokina ya ce, "Ba kowa, Malam. Ga shi nan a ƙeyarsu. Zanen waccan ya rabu biyu kamar na uwarta, na waɗannan a haɗe yake. Mu haka muke gane na wa da na wa a garke."

Daga ranar ban ƙara jin daɗin ɗakin nan ba. Kullum in ya kora shanu inuwa sai ya leƙo, Malam ya jawo masa kujera. Kujera fa! Ni shekara biyu a tsaye nake. Ya raɗa wa macizan sunayen shanu na Fillanci, Malam ma ya koma kiransu da su, sunayen Turancin da na sha wahalar haddacewa suka zama ba mai tambaya. Abokina zai kalli ɗaya ya ce, "Wannan launinta ya dushe, saɓa za ta yi, kada a ba ta ɓera," bayan 'yan kwanaki sai ga saɓar a kwance. Ni kuwa in na zura ido har ya yi ruwa, ruwan toka ruwan toka ne. Kishi ya ci ni, ba zan ɓoye muku ba. Har mahaifiyata sai da ta ce, "Kai ni 'yasu, wai a kan maciji kake wannan ramar?"

Ana haka takarda ta zo, Malam zai tafi kwas Zariya na wata tara. Ya ce zai bar mukullin ɗakin a hannun mutum ɗaya. Bai faɗi ko wane ne ba, amma na ga inda idonsa ya sauka. Na ce a raina, ni da takardar sakandare, a miƙa wa mai sanda mukulli a gabana? Ɗalibai ma sai sun yi mini dariya.

Sai na shawo kan kaina cewa duk burga ce, wurin da akwatunan suke kawai abokina ya haddace. Ranar Juma'a, da makaranta ta watse, na ɗauki ɗaya mai ruwan toka daga 'ya'yan uwa ta farko na musanya ta da ta uwa ta biyu. Tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. Nufina ranar Litinin ya kira sunan da ba shi ba, ni kuma in ce, "To Malam, ka gani, ni na gwada shi." Na rufe ɗakin, na yi alwala, na tafi masallaci abina, har sahun gaba na samu.

Ranar Litinin abokina ko gama sallama bai yi ba ya tsaya cak. "A'a. Wa ya sauya wa waɗannan ɗaki?"

Malam ya taso. Akwai zanen ƙeyar kowane maciji a bayan littafinsa, abokina ne ya sa shi yin haka, ni ban ma sani ba. Ya gwada, ya ga gaskiya ne. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce da ba a gane ba, da an haɗa su barbara a kan kuskure, aikin shekara uku ya tafi a banza. Ya ce, "Mu uku ke shiga ɗakin nan. Wanda ya yi wannan bai gaya mini ba, ba zan iya barin masa mukulli ba."

Maganar da na shirya tun Juma'a ta maƙale. Abokina ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, kallon da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan ya sunkuyar da kai.

"Allah ya huci zuciyarka, Malam. Ni ne. Ranar da na wanke akwatunan hankalina yana wajen saniya mai naƙuda."

Ƙarya ce da ko yaro zai gane, mutumin da ya hango kuskuren daga bakin ƙofa shi zai yi shi? Malam ya daɗe yana kallonmu. Har yau ban san abin da ya fahimta ba. Ranar da zai tafi ya kira ni ya ajiye mukullin a kan tebur, bai sa mini a hannu ba, ya ce, "Ga shi. Ka riƙa tambayarsa."

Haka kuwa aka yi. Wata tara ina yawo da mukulli a ɗaure a ƙugu yana ƙara, amma in maciji ya ƙi cin abinci, ko sababbi sun fito daga ƙwai, sai in naɗe ƙafar wando in ratsa kashin shanu in je in kira shi. Zai ce, "Babarbare, yau kuma wa ya ɓace maka?" ya ɗauki sanda ya biyo ni. Ko sau ɗaya bai tayar da zancen ba, ni ma na yi gum.

Sai bayan shekaru, duk mun bar makarantar, na je Giade sunan jikarsa. Muna zaune a tabarma bayan an watse, na yi ta maza na ce, "Ka san ni na sauya macizan nan ko?"

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Yo wa zai sauya in ba kai ba? Malam?"

Na ce, "To me ya sa ka bar mini mukullin? Naka ne fa."

Ya ce, "Mukulli kuma? Ni in yi me da shi? Da ya ba ni ma kai zan kawo wa, ni da ko takardun jikin akwatin ba na iya karantawa. Ni dai a bar ni in shiga in gan su."

Na hau mota zuwa Azare ina ta juya maganarsa a raina. Na sayar da mutuncina, na bar aminina ya ɗauki laifina a gaban mutumin da yake girmama shi, duk a kan abin da da na yi shiru kawo mini za a yi har hannu. Mutane kan ce girma yana kashe kishi, ni dai nawa bai mutu ba, wuri ya sauya. A da, idonsa nake wa ƙyashi. Yanzu kuwa zuciyar nan tasa ce, wadda ke iya son abu ba tare da ta ce sai ta mallake shi ba. Launin maciji na koya daga baya, da ƙyar. Wannan kuwa na kusa saba'in ban iya ba.