Mota Tana Tsaye a Ƙofar Gida

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga wa mutane takardu a wani ɗan shago a Tawa, bakin hanyar da ɗalibai ke bi. Kayan aikina ordinata biyu ne, wato kwamfuta, da injin hoton takarda mai yin fushi in ya ji zafi, da ƙarfen huda takardu da nake ɗinke littafi da shi. In ƙarshen shekarar karatu ya matso, shagon kan cika da masu memuwar, wato littafin binciken da ɗalibi ke rubutawa kafin a ba shi takardar gamawa. Su kawo shi rubuce da hannu cikin faransanci, wani rubutun kamar sawun kaji, ni kuma in mayar da shi abin da malami zai iya dubawa ba tare da ransa ya ɓaci ba.

Ba irin ilimin da bai bi ta yatsuna ba. Na buga wa wani bincike kan yadda ake cinikin filaye a bayan gari, da yadda gonar gero ke wayar gari ta zama unguwa, shi kuwa mai binciken su huɗu ne a ɗaki ɗaya na haya. Na buga wa wani ɗan unguwarmu da ke karatu a waje, ya zo hutu da zane-zanen yadda iska ke bi ta kan fiffiken jirgin sama ta ɗaga shi. Na tambaye shi ko ya taɓa shiga jirgin, ya ce a bas ya tafi a bas ya dawo. Akwai kuma wani mai kwat, wanda ya cika shafi ɗari yana koya wa ƙasarmu yadda za ta zauna da maƙwabta da manyan ƙasashe, ya gama ya fita yana tura babur ɗinsa don mai ya ƙare. Ina tsokanarsu, suna dariya. Ina son su, har ga Allah, amma ban taɓa ɗaukar littattafan nan a matsayin abin da ya shafi mai rai ba.

Doka ɗaya ce a sana'armu: abin da aka kawo shi ake bugawa. Ko ka ga ƙarya ƙiri-ƙiri, ba naka ba ne. Da wannan dokar nake taƙama, har nakan ce wa ɗalibai idona da yatsuna ne ke aiki, kaina yana gida yana hutawa.

A shekarar da nake son ba da labari, wani ma'aikacin jinya ya kawo nasa littafin. Ba yaro ba ne, furfura ta fara fito masa, ya koma karatu ne bayan ya daɗe yana aiki. Kowa majo yake ce masa, kamar yadda ake kiran babban ma'aikacin jinya, ni ma haka na bi. A reya yake aiki, ɗakin asibiti da ake kwantar da waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa, inda ake sa wa mutum robar iska a hanci, dangi kuma ba sa wuce ƙofa. Mutum ne mai sanyin magana, yakan cire takalmi a bakin shagona duk da ba wanda ke yin haka. Bincikensa kan matan da ake kawowa reya bayan haihuwa ne, da abin da ke sa a kawo su a makare. Ya bi tsoffin rajistocin ɗakin na shekaru da dama, ya kwafo mace bayan mace cikin wani dogon jadawali. Ba suna, sai lamba, da shekaru, da garin da aka fito, da ciwon, da dalilin jinkiri, da yadda aka ƙare.

Jadawali ya fi komai gajiyar da mai bugu. Ina ta cika gidajen jadawalin da hantsi, raina yana kan abin da zan dafa, sai na iso wani layi yatsuna suka tsaya da kansu. Shekara ashirin da shida. Wani ƙauye bayan Barmu, wanda gidajensa ba su kai a yi kuskurensa da wani ba. Jijjiga, kwana uku bayan haihuwa. Ta rasu a kwana na biyu da kwantar da ita. A gidan dalilin jinkiri an rubuta: rashin mota.

Ƙanwata ce. Uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma wannan dalilin ni na faɗe shi da bakina, shekara shida kafin ranar.

Ƙanwata ta yi aure a ƙauyen nan, auren so, da wani mutum mai kirki. Kamar yawancin mazan Adar, yana gama girbi sai ya tafi biɗa, wato cin rani, Abijan, ya bar ta a gidansu tare da uwarsa da wansa. Da ta haihu na rufe shago na tafi in taya ta zama har suna. Ran kwana na uku da safe ta ce kanta kamar zai tsage, fuskarta ta kumbura, ta ce ba ta ganina sosai. Kafin rana ta ɗaga ta faɗi tana jijjiga, ta ciji harshenta har jini. Na san wannan ba na gida ba ne. Na yi lakkwal, wato boko, na zauna a birni, na sha jin labarin irin wannan ciwon.

Mota kuwa tana nan. Maƙwabcinsu yana da wata tsohuwar mota mai ɗaukar mutane da buhuna zuwa Tawa, tana tsaye ƙarƙashin aduwa, taku goma daga ƙofar gida. Da ya ji kururuwa shi da kansa ya shigo zaure ya ce in za a tafi a shirye yake. Sai wan mijin ya ce a dakata.

“Ba a hitar da matam mutum daga gidanai zuwa likita mai nisa ba a ji bakinai ba,” in ji shi. “Bari a kira shi. Yanzu-yanzu a same shi.”

Ba mugunta ya yi ba, haka suke yi a wurinsu, kuma haka na tashi na ga ana yi a namu gidan. Ya ɗauki waya ya hau tudun da ake samun rezo, inda kira ke shiga. Wayar mijin a kashe take. Ya dawo, ya koma, ya sake dawowa. Aka kawo rubutu aka ɗura mata, aka yi hayaƙi. Ni kuma ina zaune na ɗora kanta a cinyata, ina share mata baki da gefen zanena. Sau uku na miƙe da niyyar in fita zaure in ɗaga murya, sau uku na koma na zauna. Tsoro na ji. A lokacin aurena bai daɗe da mutuwa ba, na san abin da za a ce: bazawarar birni ta zo ta raina mutane a gidansu, tana son ta kashe wa ƙanwarta aure kamar yadda ta kashe nata. Na ce a raina ai yanzu za a same shi. Haka rana ta faɗi, haka wata ya fito, mai mota ya je Tawa ya dawo ya sake ajiye ta a ƙarƙashin aduwar. Sai washegari bayan azahar wayar ta shiga, muka taso.

A ƙofar reya wata ma'aikaciya ta tare ni da rajista a hannu, ta tambayi tun yaushe abin ya fara. Na faɗa mata. Ta ɗago ta dube ni, ta ce me ya hana a kawo ta tun jiya. Wan mijin yana tsaye daf da kafaɗata, ya yi zuru-zuru. Na ce, “Ba mu samu mota ba.” Ta rubuta, ba ta ƙara tambaya ba. Ƙanwata ba ta farfaɗo ba. Jaririyar ta rayu, tana hannun mahaifiyarmu, wadda ita ma har yau abin da ta sani ke nan, ba a samu mota ba.

Na daɗe ina kallon layin, sannan na buga shi yadda yake na ci gaba. Amma yanzu kaina ya dawo daga hutun. Na bi gidan dalilin jinkiri da ido daga sama har ƙasa: rashin mota, rashin mota, nisan hanya, rashin mota. Ƙauyukan Kalfu, ƙauyukan Barmu, wuraren da na san motocin kasuwa na ratsa su. Na riƙa ganin wata mace irina a bayan kowane layi, tsaye a ƙofar nan, da wani namiji daf da kafaɗarta. Da na kai babin ƙarshe na tarar majo ya gina duk shawararsa a kan haka: babbar matsala sufuri ce, a ƙaro motocin ɗaukar marasa lafiya. Na buga wannan ma. Kwana biyu ban iya cin abin kirki ba. Haushin kaina nake ji, da haushin littafin da zai hau kanta ya zauna da ƙaryata a cikinsa, a ce ilimi ne.

Ran da ya zo dubawa kafin in ɗinke, saura kwana huɗu ya tsaya gaban malamansa. La'asar ce, shagon ba kowa. Ya zauna a benci yana juya shafuka, yana yaba tsabtar aikin. Na juyo masa da allon ordinata na sa yatsa a kan layin.

“Majo, wagga ƙanwata ta. Abin da anka rubuta nan ƙarya na, kuma ni niy yi ta. Mota tana tsaye ƙohwar gida.”

Na zaci zai firgita, ko ya ji haushi na taɓa masa aiki. Sai ya ajiye takardun a hankali, ya yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Sannan ya ce, “Madam, ni ɗan Kalfu na. Shekara ashirin ina tsaye ƙohwag ga. Kina tsammanin ban san mi aka nuhi da rashin mota ba?”

“To don mi kar rubuta shi?”

“Don shi anka hwaɗa muna. Bincike ba ya ɗaukar abin da ni ka zato, sai abin da ab bisa takarda ko wanda mai shi yaf faɗi da bakinai. Ba wadda tat taɓa dawowa ta ce mani ba haka na ba. Ke ta farko.”

Ya ce layi ɗaya ba zai juya babin ƙarshe ba, kuma lokaci ya ƙure da za a sake shi. Amma wannan layin, tun da mai shaidar ta zo da kanta, ana iya gyara shi, zai sa ɗan bayani a ƙasan shafi cewa wani daga dangi ne ya gyara. Ya ce in buga abin da ya faru da hannuna.

Na goge rashin mota. Na rubuta: an jira izinin miji. Na ji wani sauƙi ya sauko mini, don ga gaskiya ta fito, kuma ta faɗa kan al'ada, kan wan miji, kan waya. Majo ya matso ya karanta. Da irin muryar da suke yi wa dangi tambaya a bakin aiki ya ce, “Da anka same shi, ya hana, ko ya yi jinkirin bada izini?”

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne ina tsaye a kan tudun lokacin da wayar ta shiga, na bi wan mijin don na kasa zama. Ya buɗe muryar wayar saboda iska. Mijin ƙanwata bai bari an gama yi masa bayani ba ya fashe da kuka, yana ihu daga can Abijan: “Tun jiya? Mi kuka jira? Ba yayatta na nan ba? Ita da tay yi lakkwal, ita ma ba ta ce komi ba?”

Na maimaita wa majo maganar kalma bayan kalma. Bai ce ba laifina ba ne, kuma na gode masa da bai faɗa ba. Ya dai zauna yana kallon ƙasa, hannuwansa a kan gwiwa, yana jira.

Izinin da muka kwana muna jira, mai shi bai taɓa tunanin ana buƙatarsa ba. Shi a can hankalinsa kwance yake don ya san ina gidan. Na sake sa hannu na goge abin da na rubuta. Gidan jadawalin ƙarami ne, ba ya ɗaukar dogon bayani, sai da na rage girman harufa kafin ya shiga. Majo ya karanta, ya tambaye ni ko na tabbata ina son ya zauna haka, don in an ɗinke an kai ba a warewa. Na ce na tabbata. Na fitar da kofi huɗu, na huda, na ɗinke, na miƙa masa, ya sa takalminsa ya tafi.

A cikin dukan matan da ke jadawalin nan, ƙanwata kaɗai ce dalilin jinkirinta ya bambanta da na saura. A gabanta an rubuta: akwai mota, yayarta tana nan, ba ta yi magana ba.