Ƙwaron da Na Tara wa Gayya

Shekarun baya can, Turawa ba su kai ga tafiya ba, aka ɗauke ni malamin gona aka turo ni ƙasar Gwarzo. Ga keke, ga kaki mai guga, ga wani ɗan madubi mai ƙara girman abu da nake ratayawa a wuya ko masallaci za ni. Wata shida kacal na yi ina koyon aikin, amma ji nake duk wani abu mai ƙafa shida na gama saninsa.

A daminar farko darɓa ta sauka wa gyaɗar kawuna a Dugabau. Ƙananan ƙwari ne da ke manne wa bayan ganye suna tsotsa, har ganyen ya yi danƙo ya nannaɗe. Gonar nan kuwa ita ce suturar gidan ta shekara guda. Kawu ya aiko a kira ni, na zo ina buga ƙararrawar keke tun daga bakin gari.

Ina shiga gonar na ga wani ƙwaro ja, kewayayye kamar rabin ƙwayar wake, mai ɗigo-ɗigo baƙi, ko'ina cikin darɓar. A wurin koyon aiki an taɓa nuna mana hoton irinsa, aka ce shi ke cinye ganyen kabewa. Ban ko tsuguna ba na yanke hukunci.

"Kawu, ga mai laifin nan. Ƙananan ai 'ya'yansa ne. In aka tsince iyayen an gama."

"To Malam, ku ne masu ilimin," in ji kawu.

Ya kai ni wajen mai gari, aka sa gayya ranar Alhamis: kowane magidanci ya zo da ƙwarya, a bi gonar kunya-kunya a tsince jan ƙwaro a ƙona. Aka gaya wa makaɗa, mata suka hau dakan fura.

Ranar Laraba da la'asar na shiga gaida kakata, ina ɗauke da guda biyar a kwalin ashana don in yi mata burga. Ta karɓa ta juye a faifai, ta kai fuska kusa.

"Kai mijin nawa, wannan za ku ƙona?"

"Shi ne fa, tsohuwa. Mai cin kabewa."

"Kabewar wa? Tashi ka zaga bayan ɗakina ka kamo mini na kabewar."

Na je na kamo. Ta ajiye su gefe da gefe, ta ce in sa madubin nawa tunda ba na gani sai da shi. Na duba. Na kabewar ya fi girma, launinsa kamar jar ƙasa, bayansa dusu-dusu da wani siririn gashi, ɗigonsa goma sha biyu. Na gyaɗar kuwa sumul yake yana sheƙi, babu gashi ko ɗaya, ɗigo shida ne, biyun tsakiya sun haɗe, ga wani farin tabo a kowane gefen kansa. Amma na dake na ce ai wataƙila mace da namiji ne.

Ba ta yi musu da ni ba. Ta sa na tsinko ganyen gyaɗa mai darɓa, ta jefa a ƙoƙo tare da su duka biyun. Na kabewar ya yi ta yawo a bakin ƙoƙon. Mai sheƙin nan kuwa ya nufi darɓar kai tsaye, ya kama ɗaya ya cinye, ya kama ta biyu. Ina ƙirgawa har na daina, saboda kunya.

Wallahi na yi tunanin in yi shiru. Gayya ta riga ta kiru, kuma babu wanda ya ga abin sai ni da tsohuwa. Amma in aka tsince ƙwaron nan, darɓa ta samu gona babu mai tsaro, kawu kuma ya tashi a tutar babu saboda bakina. Na tura keke zuwa ƙofar mai gari, ban buga ƙararrawa ba.

"Ranka ya daɗe, ƙwaron nan ashe ma'aikacinmu ne. Darɓar yake ci."

"Wa ya gaya maka?" in ji mai gari.

"Kakata, ranka ya daɗe."

Fadawa suka kwashe da dariya. Shi kuwa ya ce gayyar da aka daka wa fura ba a sallamarta, sai dai a sauya mata aiki. Washegari aka ajiye ƙwarya aka ɗauki fartanya, aka yi wa gonar kawu maimai. Makaɗi ya wuni yana yi mini kirari da mai madubi jikan tsohuwa, ni kuma ina noma cikin kakina. Bayan mako biyu darɓa ta ja baya, ruwan sama ma ya taimaka. Gyaɗar ba ta yi yadda aka so ba, amma an cika buhuna.

Sauran ƙwarin da ke kwalin ashana na kai wa shugabana, Baturen gona. Ya buɗe littattafansa, ya ƙirga ɗigon, ya zana farin tabon, ya ce bai ga mai irin wannan kama ba. Ya sa su a kwalba ya aika ƙasarsu. Sai da aka kusa wata daminar amsa ta zo: wai sabon iri ne, ba a taɓa rubuta shi ba, har sun raɗa masa wani dogon suna da ban taɓa iya faɗa daidai ba.

Na yi shekara talatin a aikin gona bayan nan, kuma ban sake yanke wa wani ƙwaro hukunci a tsaye ba. Sai na tsuguna, na ƙirga, na ga abin da yake ci, na tambayi mai gonar. Har yau in na tuna raina daɗi yake ji, don kunyar wuni ɗaya ce ta saya mini wannan.

Ranar da takardar ta zo, da gudu na je na karanta wa kakata, ina fassara mata. Tana tsinkar zogale, ba ta ko ɗago ba.

"Sabo? Tun ban yi wayo ba nake ganinsa a gonar babana. Ka ce musu su ne dai sababbi."