Dagin Toka a Bayan Rigar Baba

Shekarun baya, can da nisa, lokacin da ake ta hidimar karɓar mulkin kai daga hannun Turawa, ina saurayi ina koyon rubutun allo da buga zane a jikin riga a wani shago a birnin Kano. Mu mutanen Fammar ne ta ƙasar Kibiya. Noma muka gada, ni kaɗai na fanɗare na tafi birni. In na zo gida sai in sa wando da 'yar shat, in riƙa magana ina yarfa hannu don a ga fentin da ya bushe a farcena. A ganina ni injiniya ne. A gaskiya kuwa rabin aikina shara ne da wankin rariya.

Rariyar da nake faɗa ba ta tankaɗe ba ce. Katako ne mai kusurwa huɗu da ake ɗaure wa ƙyallen siliki tamau, a toshe ko'ina sai inda ake son zane ya fita. A ɗora ta a kan riga, a zuba tawada, a ja da faffaɗar roba, in ka ɗaga sai ka ga zane ya zauna daram. Da ita muka buga rigunan 'yan makaranta da na 'yan ƙwallo har hannuna ya faɗa.

Mahaifina kuwa, da kaka ta yi, sana'arsa dakon gyaɗa ce a kan jakai zuwa Rano, tasa da ta mutane. Tun kafin kiran assalatu yake fita, ya yi sallar asuba a hanya, don ya riga rana. Lokacin ne kuma manyan motocin gyaɗa suke gudu kamar an koro su. Baba ba ya zuwa Rano sai da baƙar rigarsa rinin karofi, ya ce kasuwa ba gona ba ce da za a shige ta da tsumma. To ga duhu, ga baƙar riga, ga hanya ba faɗi. A wata kaka mota ta take maƙwabcinmu, abokin tafiyarsa, yana taku kaɗan a gabansa. Direban ya yi ta rantsuwa bai ga mutum ba sai da ya ji ƙara. Tun daga ranar tsoro ya shige ni. Ko ina Kano, in na ji kukan babbar mota da sassafe sai in kasa komawa barci.

Ana nan sai maigidana ya sami aikin allunan gefen hanya, aka kawo masa wasu gwangwanayen fenti. Ya buɗe biyu a gabana. Ɗaya ruwan azurfa ce, tana walƙiya tun a cikin gwangwani. Ɗayar kuwa kamar an dama toka, ga ta da tsakuwa-tsakuwa in ka murza a yatsa. Ya shafa kowacce a kan ƙyalle, ya ce in zaɓi wadda direba zai gani da dare. Na nuna ta azurfar ina murmushin wanda ya san aiki.

Ya ce, "Rufe mana ƙofa da taga."

Da shagon ya yi duhu sai ya miƙo mini tocila, ya ce in riƙe ta daidai gefen idona in haska. Ta azurfar ta ɗan yi ƙyalli ta tsaya nan. Ta tokar kuwa ta kama da haske fari fat, har sai da na ja da baya. Ya ce in miƙa masa tocilar in koma gefe. Ina komawa gefe sai na ga toka kawai.

"Garin gilashi ne a ciki, ƙwayoyi ƙanana masu zagaye," in ji shi. "Duk inda haske ya fito, can suke mayar da shi. Mai fitila kaɗai yake gani. Wanda yake tsaye kusa da ita ma bai san tana yi ba."

A wurin na ce masa ina roƙon ragowar da za ta saura a gindin gwangwani, na gaya masa dalili. Bai yi musu ba. Ya koya mini yadda zan gauraya ta da ƙaron da muke sa wa tawadar riga don ta kama zare, ya ce kuma sai da rariya mai manyan idanu, don ƙwayoyin ba sa ratsa mai laushi. Ya ja mini kunne a kan abu biyu: kada a dirje wurin a wanki, kada a ɗora masa dutsen guga.

Na je gida da kayan aikina a ɗaure da ƙyallayen nan biyu. Baba ya karɓe su, ya yi abin da duk mutumin ƙasarmu yake yi in an miƙa masa tufa, wato ya fita da su rana ya juya su. Mu mutanen karofi ne, ƙyallin tufa a rana muke auna shi.

Ya ɗaga ta azurfar ya ce, "In dai dole ne sai an ɓata mini riga, to wannan."

Na ce, "Baba, ɗayar ce mai aikin."

"Wannan? Yo ashe abin da ka je birni ka koyo ke nan, shafa wa mutane toka a baya? Ai da ka zauna a gida, murhun innarka ya ishe ka."

Na lallaɓa shi muka shiga ɗakin da ake ajiye buhuna, na ja asabari, na sa masa tocila a gefen ido. Yana haskawa ya ce, "A'uzu billahi!" Ya kashe, ya kunna, ya kashe, ya kunna. Na san maƙwabcinmu yake tunawa. Can ya ce, "To buga. Amma ka yi mata fasali, kada ka yi mini rubutu a baya kamar buhun kamfani."

Na yanka masa dagi babba, irin wanda ake ɗinkawa a riga, na buga a tsakiyar baya, na ja layi biyu a kafaɗu. Wallahi ban taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Da rana kam abin bai yi kyau ba, gaskiya ce. Abokan wasansa suka samu abin yi, wani ya ce shamuwa ce ta yi masa kashi, wani ya ce jingina ya yi da bangon da bai bushe ba. Ya shanye. Mahaifiyata na gaya mata yadda maigidana ya gaya mini, ban rage ba: kada a dirje, kada a goge. Ta ce ta ji.

Kuma abin ya yi aiki, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau. A kakar nan wani direba ya bi sahu har kasuwar Rano yana tambayar mai jakan da bayansa ke ci da wuta. Da aka nuna masa Baba ya ce, "Malam, tun daga nesa na hango ka, na ɗauka fitila aka rataye a hanya. Wa ya yi maka wannan?" Baba ya ce, "Wani ɗan iska ne a gidana." Ƙanwata ce ta ba ni labari, ta ce ranar har dare yana maimaita zancen. Daga nan ya daina bin can gefen ciyawa inda ƙaya take soke jakai, ya koma bin gefen hanya sosai, hankalinsa kwance. Ni ma nawa ya kwanta. Na koma barcin asuba kamar kowa.

Kaka ta zagayo. Wata ranar kasuwa da hantsi ina wanke rariya a bayan shago, sai ga wani ɗan garinmu a tsaye a kaina, hularsa a hannu. Bai iya yi mini sallama daidai ba. Mota ta buge Baba daga baya, tsakanin Kibiya da Rano, kafin gari ya waye. Shi da jaki ɗaya. Ko shurawa bai yi ba.

Kafin in isa an riga an kai shi. Na zauna a zaure ina amsa gaisuwa, bakina yana cewa "sai haƙuri", zuciyata tana tambaya ɗaya tak. Na ja wani mutum da suke tare da Baba a hanyar gefe, na tambaye shi wace riga Baba ya sa. Ya ce baƙar nan mai dagi. Na ce direban fa? Ya ce ya tsaya, bai gudu ba, ya durƙusa a kan hanya yana kuka yana cewa wallahi bai ga kowa ba. Na ce a raina ƙarya yake yi. Da a lokacin an ba ni shi a hannu, ban san abin da zan aikata ba.

Bayan an watse na ce wa ƙanwata ta ɗauko mini rigar. Na shiga ɗakin buhuna na rataye ta, na ja asabari, na ɗora tocila a gefen idona. Babu komai. Baƙar riga kawai a cikin duhu. Na buga tocilar a tafin hannu, na matsa, na ja baya, na sake haskawa. Sai na kai hannu na shafa dagin. Da can in ka shafa shi kaushi gare shi kamar bayan guza. Yanzu ya yi sumul, santsi kamar kwano.

Na fito da ita haske. Duk da yagewar da ta yi, rigar tana sheƙi, dagin ya koma shuɗi-shuɗi mai kyau. Na ce wa ƙanwata, "Me aka yi wa rigar nan?"

Ta ce, "Bugu aka kai ta, Yaya. Da za a yi sunan gidan Kawu, Inna ta haɗa ta da manyan rigunansa aka kai mabuga a Rano. Ta ce ta gaji da jin ana yi masa dariya. Ba ta dirje ba, ba ta goge ba, yadda ka ce. Da aka dawo da ita kowa sai da ya yaba, shi kansa Baba ya ce yanzu ta zama riga."

Duk wanda ya taɓa wucewa ta mabuga ya san abin da ake yi. A shimfiɗa riga a kan gungumen itace, a yayyafa ruwa, a barbaɗa shuni, ƙarti su sa mabugi su yi ta dukanta har ta ɗauki ƙyalli. Gilashin da bai kai ƙwayar gero ba, ina zai kai labari a ƙarƙashin wannan? Sun niƙe shi, shuni ya rufe abin da ya saura. Kuma babu wanda zai gane, don mai rigar ba ya ganin bayansa, na gida kuma da rana suke ganinta. Baba ya yi ta bin gefen hanya yana jin motoci a bayansa, yana tsammanin suna ganinsa.

Ni ne ɗan fari, saboda haka mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ta bi ta kan ƙannena. Amma washegarin sadakar uku, ina tsugune a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, sai ta ɗago ta dube ni ido cikin ido.

Ta ce, "Kai ka ce rigar nan direba yana ganinta tun daga nesa. To me ya sa wannan bai gan shi ba?"

Ƙanwata tana bayanta, ta kafe ni da ido. Na dubi carbin da ke hannun Inna. Na ce, "Barci yake yi, Inna. Direban gyangyaɗi ya yi. Rigar lafiyarta ƙalau."

Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah ya isa." Ta ci gaba da jan carbinta.

Na yi shekaru ina wannan sana'a bayan nan, har na buɗe shagona, har zamani ya kawo tawada mai ƙyalli iri-iri da ba sai an roƙi gindin gwangwani ba. Abin da na ɗauka daga wannan al'amari shi ne, zaɓen tawada ba ya ƙarewa a shago. Duk wanda ya kawo mini irin wannan aiki sai na zaunar da shi na tambaye shi wa zai wanke, da me, a ina, me ake yi wa riga a gidansu in ana son ta yi kyau. Yarana na shago suna cewa tsufa ne ya sa ni surutu. Ban taɓa gaya musu dalili ba.

Inna ta rayu shekaru masu yawa, ta rasu ba ta sani ba, ƙanwata ma ta riƙe bakinta har ta bi ta. Ban yi nadamar amsar da na ba ta ba, ko yau aka maimaita haka zan faɗa. Abin da yake damuna shi ne mutumin nan da ya tsaya bai gudu ba, ya faɗi gaskiya a durƙushe a kan hanya. Duk shekarun nan tsohuwa tana kai ƙararsa wurin Allah bayan kowace salla, da bakina na jawo masa. Ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Shi ya sa in na yi wa iyayena addu'a nake sa shi na uku.