Sabuwar Taya Kusa da Tsohuwa

Baban Tagwaye bai taɓa haifar tagwaye ba. 'Ya'yansa mata ne, kowacce ta zo duniya ita kaɗai. Motarsa ce ta jawo masa sunan, wata a-kori-kura mai faɗin ƙugu, tayoyi bibbiyu a kowane gefe na baya. Tun yana cewa ba shi ba ne har ya gaji ya fara amsawa. Yanzu ko matarsa, in tsokana ta motsa mata, haka take kiransa.

Dakon kaya ne aikinsa: bulo, siminti, tankin ruwa, gadaje da kujerun masu tashi daga gidan haya. Amma in gaskiya za a faɗa, gangar jikinsa ce kawai ke dako, hankalinsa kullum yana wata duniya. Mutum ne da zai tsaya a danja, ya hango gajimare ya yi masa kama da jirgin ruwa, ya bi shi da ido har sai na baya sun cika titi da hon.

A shagon mai taya na bakin gada akwai wasu faffaɗan tayoyi masu zurfin zane a rataye, ya daɗe yana zawarcinsu da ido. A ransa ya ɗaura su sau ba adadi. Ya hau duwatsu da su, ya ratsa rairayi, ya je ya kashe mota a bakin wani ruwa da ba a ganin ƙarshensa, iska tana kaɗa masa riga. Ya san sarai ba za su yi ba. Tagwayen taya suna son tazara a tsakaninsu, wadda tafin hannu zai shige. In ka jera faffaɗa biyu ka yi lodi, sai cikinsu ya buɗe su riƙa gugar juna, su ɗau zafi, su fashe maka a tsakiyar hanya. To amma mafarki ina ruwansa da lambar taya?

Yayansa ne ya koya masa wannan, da duk abin da ya sani game da mota. Tare suka saye ta, tare suka tsufa a cikinta, Yaya yana faɗa shi yana dariya. Sai bara hawan jini ya kayar da Yaya, ya taɓa masa hannun hagu da ƙafa. Allah ya yi da sauran shan ruwa, ya tashi, yana tafiya yana ɗan jan ƙafar. Likita ya ce a bi shi a hankali. Baban Tagwaye ya ɗauki "a hankali" ɗin nan ya mai da ita "ko kusa". Ya ƙwace tuƙi, ya ƙwace lodi, ya haɗa cefanen gida biyu a kansa. Ya saya wa Yaya kujerar roba ya ajiye a inuwar ƙofar gida. In Yaya ya miƙa hannu zai kama igiya, ko zai ɗaga butar alwala, sai ya ji an ce, "Bari, Yaya, ka huta."

Yaya kuwa ya huta har ya fara ƙarewa. Riguna suka yi masa yawa. Mutumin da in ya yi tsawa ana ji daga bakin titi ya koma sai an kasa kunne. A asibiti ana cewa jini ya daidaita, magani yana aiki, amma Baban Tagwaye yana kallon ɗan'uwansa yana narkewa a kan kujera, tsoro ya cika shi. Tsoron kada wata safiya ya fito ya tarar da kujerar ba kowa. Duk sanda tsoron ya taso, sai ya nemo wani abin kuma ya ɗauke masa.

Ranar da abin ya faru, daga asibitin suke dawowa da hantsi, sai tayar ciki ta hagu ta saki iska. Da lallami suka kai bakin gada.

"Zauna abinka, Yaya, yanzu za mu tafi," ya ce, ya rufe masa ƙofa.

Mai taya, wani ƙato mai yawan ba'a, ya sa jak ya kwance tagwayen biyu, ya duba ta cikin, ya girgiza kai.

"Wannan sai dai addu'a, gefe ne ya tsage, ba ta facuwa." Ya nuna faffaɗan nan da haɓa. "Ko yau ce ranar amarenka?"

"Amaren nan sun fi ƙarfina. Lambar da ke jiki dai za ka ba ni. Guda ɗaya."

"Ɗaya? Ta wajen fa ta fara suɗewa."

Baban Tagwaye ya durƙusa ya shafa tsohuwar. Zanenta ya yi ƙasa, gaskiya ne, amma ta sha laka da rana tare da su ba ta taɓa ba su kunya ba. Tausayinta ya kama shi kamar mai rai.

"Akwai sauran ƙarfi a jikinta," ya ce. "Sabuwar ai za ta fi ta tsayi. Sai ta ɗauke mata nauyin, ita kuma ta huta."

Ƙofar mota ta buɗe. Yaya ya sauko, ƙafa mai lafiya a gaba, ya ja ɗayar.

"Auta, me ka ce?"

"Yaya, don Allah koma ka..."

"Mai gida, ara mini igiya."

Mai taya ya miƙa masa, ya garo wata sabuwar taya ya jingine ta kusa da tsohuwar. Yaya ya cije bakin igiyar da haƙori, ya zagaya sabuwar taya da hannun dama, ya danne inda ta haɗu da babban yatsa. Ya zagaya tsohuwar. Igiya ta rage kamar faɗin yatsa biyu. Ya ɗaga ragowar a gaban idon ƙanensa.

"In ka ɗaura su haka, wacce za ta fara mutuwa?"

"Sabuwar mana. Ita ke ɗauke da lodin."

"Za ta sha zafi, ban musa ba. Amma noti ɗaya ya ɗaure su, dole su juya tare. Doguwar tana taka ƙasa tana tafiya. Gajerar ba ta taka sosai ba, ba a kuma ƙyale ta ba, janta ake yi tana shafar kwalta. Ba ta ɗauki komai ba, Auta, amma ita ake gogewa. Kafin ka ankara ta cinye." Ya naɗe igiyar a hankali, idonsa a kan tayar. "Ni na koya maka wannan, tun ba ka iya ribas ba."

Mai taya, da bakinsa ba ya shiru, ya samu wani noti ya shiga goge shi da tsumma.

Kunya ce ta fara kama Baban Tagwaye, sai baƙin ciki ya biyo ta. Ya dubi wuyan rigar Yaya, yadda ya yi masa faɗi.

"Biyu za ka ba mu," Yaya ya ce wa mai taya, muryarsa ta ɗan tashi. "Lamba ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya. Kada ka haɗa mana 'yan uba."

Mai taya ya shiga can ƙuryar shago ya sauko da biyu. Ya garo ɗaya, zai koma ɗauko ta biyun, sai ya tarar Yaya ya riga ya ɗora mata hannu. Daga ƙuryar zuwa mota da ɗan nisa, ga ƙasa duk baƙin mai. Yaya ya tura. Taya ta yi gaba, ta karkata, ya tare ta da gwiwa, ya tsaya yana haki. Ya sake turawa.

Ƙafafun Baban Tagwaye sun riga sun yi taku ɗaya. Maganar ma ta zo har bakinsa. Ya haɗiye ta. Ya cusa hannayensa biyu cikin aljihu ya damƙe su, ya tsaya inda yake, hawaye na bin fuskarsa, yana kallon yayansa yana garo taya zuwa gare shi, tana layi, yana binta.