Hoton Inna da ban ɗauka ba

Shekarun baya, tun Birnin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, sana'ar hoto nake yi a bakin kasuwa. Kyamarata ta baƙi da fari ce. Sai fim ya cika in wanke, mutum ya dawo bayan mako. Ina ji da kaina sosai, har ranar da abokina na Argungu, wanda ni na koya masa riƙon kyamara, ya samu wata daga yayansa da ya dawo aikin Hajji. Da an latsa sai ta zaro hoto mai kala, a fifita shi kaɗan, fuska ta fito. Na riƙa cewa kayan wasan yara ce, alhali raina kamar ya fita don son ta.

Mahaifiyata ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta tsaya tana kallon idona. Na yi roƙo har na gaji. Kwatsam ta je suna Argungu, ta dawo, sai ga ƙanwata tana nuna min hoton Inna mai kala, har da murmushi. Abokina ya ɗauka. Kishi ya turnuƙe ni, na kwana uku ina kumbure-kumbure.

Ta lura. Wata safiya na durƙusa gaishe ta, ta kau da kai ta ce, "Kai wanga, in kana so, taho da taka gobe."

Na san abin da maganar nan ta ci mata. Amma na ce, "A'a Inna, tawa ba ta da kala. Ku tahi wurin mai kala."

Ta ce, "To." Ba ta sake tayar da zancen ba. Damina biyu bayan nan Allah ya yi mata rasuwa.

Zafin garinmu ya bi hoton yana ci, ya koma ruwan ɗorawa. Na garzaya Argungu a sake wanko min. Abokina ya sunkuyar da kai ya ce, "Wagga ba ta aje fim, aboki. Guda take hiddawa, shi ke nan."

Na daɗe da daina jin haushinsa, haushin kaina ne ya ƙi wucewa. Har yau ina da gwangwani cike da fim ɗin mutanen da ban san sunansu ba, ko gobe na wanke za su fito tas. A hoton Inna kuwa, ɗankwalinta kawai ake ganewa.