Tabaryar Aro a Hanyar Dungas

Bande

Ruwan da muke jira ya sauka ranar Talata da la'asar. Kafin magariba Yaya Idi ya kira ni daga ƙauyenmu da ke bayan Dungas, ya ce can ma ya zuba sosai. Irin gyaɗar da ya ajiye ƙwari sun gama da shi tun bazara, ni kuwa na yi masa alkawarin buhu biyu ɓararru daga nawa. Ƙasarmu rairayi ce, danshi ba ya daɗewa yana jiran mutum. In irin bai isa ba washegari, gonar da ke riƙe da gidansa ta tashi a banza bana.

Muna idar da sallar asuba muka fito. Motar a-kori-kura ce ta Sanusi, ɗan ƙanena, wanda yake ji da ita har matarsa na ƙorafi. Tun ba mu bar gari ba na ji wani siririn kuka daga gaba, yana tashi duk lokacin da ya taka totur, yana mutuwa in ya ɗaga ƙafa. Na yi magana, ya ce sanyin safiya ne. A shingen jandarma ma, wanda ya duba takardunmu ya tambaya ko ɗan akuya muka ɓoye a cikin injin.

Magarya

Rana ta fito muka shiga Magarya, muka tsaya kusa da tasha na sayi ƙosai da kunu. Sanusi na buɗe bakin mota sai ga masana sun yanyame shi. Wani ya ce man kwalba ne ta sha marar kyau. Wani ya rantse giya ce ta fara mutuwa. Wani dogo mai kabu-kabu ya ce a goga wa bel sabulu, haka kowa ke yi.

Ni shekarata goma sha ina da injin niƙa a ƙofar gidana, kuma da kukan bel nake karyawa kullum. Na ce wa Sanusi sabulu rufe wa bel baki yake, ba ya warkar da shi. Ya yi murmushin nan da samari ke yi wa tsofaffi, ya ce, "Gwaggo, ai wannan mota ce, ba injin tsaki ba." Ya goga sabulunsa, kukan ya ɗauke ɗif. Haushi ya hana ni ƙarasa kununa.

Hanyar Dungas

Mun yi tafiya mai ɗan nisa lafiya, yana ta satar kallona yana fito. Gonaki dama da hagu cike da mutane, maza na sara, mata na bin su suna zuba iri. Kowa na gani sai na tuna Yaya.

Da muka bar hanyar mota muka shiga yashi, sai kukan ya dawo, ya fi na farko kaifi. Jar fitilar batir ta kama, allurar zafi ta fara hawa. Muka tsaya gindin wani gawo a bakin wani ɗan ƙauye. Fuskar Sanusi ta sauya. Ya ce lallai giyar ce, gara mu lallaɓa mu koma Magarya a sauke ta, kwana biyu an gama.

Kwana biyu. Nan na ajiye kara gefe. Na ce ya cire giya, ya taka totur motar tana tsaye. Ya taka, ta tsala kuka. Na ce to giya dai ba ta aiki yanzu, ƙafafu ma ba sa juyawa, wa ke kukan? Na sa ya kashe, muka jira ta huce, na danna bel ɗin da babban yatsa. Ya lotsa kamar igiyar shanya, ga shi sumul da sabulu. Bai tsage ba, sakewa kawai ya yi, yana zamewa maimakon ya juya fanka da dinamon da ke cika batir.

Muka wanke shi da ruwan jarka, muka goge ya bushe. Sanusi ya sassauta noti, amma ƙarfen da zai banƙare dinamon da shi ya baro a gida. Na nufi gidan farko na yi sallama. Wata dattijuwa ce ke surfe, na gaishe ta na ce aron tabarya nake so, mota za mu gyara. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce tun da take ba ta taɓa jin tuwon mota ba. Ta biyo ni da kanta don ta gani.

Na zura tabaryar bayan dinamon, na dafe ta da dukkan ƙarfina har bel ya miƙe, Sanusi ya ɗaure noti. Ya tayar, ya taka, ya sake takawa har ƙasa. Ba kuka, ba jar fitila. Dattijuwar ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa daɗi ya cika ni fal, ban ɓoye ba. Na cika mata ƙwarya da gyaɗa. Sanusi ya sosa ƙeya ya ce, "Gwaggo, don Allah kada maganar nan ta kai tasha." Na ce sai dai in ba ni da baki.

Dungas

Ana kiran azahar muka ratsa Dungas, ko ruwa ba mu tsaya sha ba. Muka zarce gona kai tsaye. Yaya Idi ya riga ya sare gonar tun safe, shi da 'ya'yansa. Ramuka a buɗe layi-layi har ƙarshen gona, rana na dukansu, ga iyalinsa zaune a inuwa da ƙore babu komai ciki. Na ce, "Yaya, da ban zo ba fa?" Bai ko dube ni ba, yana kwance bakin buhu ya ce, "Ke kika ce za ki zo."

Na duƙa na tura hannu cikin rami ɗaya. Ƙasar da sauran sanyi. Na ɗaura ɗamara na karɓi ƙwarya, Sanusi ma ya tuɓe takalmi. Kafin rana ta faɗi mun rufe rami na ƙarshe. Muka ci tuwon gero da miyar kuka, na kwana a ɗakin matarsa.

Komawa

Washegari da hantsi muka kamo hanya, la'asar ta yi mana a Bande, motar ba ta ce uffan ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa baiwar Allah mai tabarya, wadda ko sunanta ban tambaya ba. Bayan mako guda Yaya ya kira. Bai yi doguwar gaisuwa ba, ya ce gyaɗar ta fito, ko rami ɗaya bai faɗi ba.