Makin Yaran da Suke Gonar Citta: Ga Malama Tamar Kumai

Ranar Talata, shida ga watan Mayu na wannan shekara ta 2025, da yamma, Ubangiji ya kira Malama Tamar Kumai gida, a wani asibiti a Kafanchan, bayan jinyar wata biyu. Shekarunta sittin da takwas. Labarin ya same ni ina tsaye gaban malamai talatin a wani taron bita, ina koya musu abin da ita ta koya mini. Na karanta saƙon a waya, na ce su ba ni minti biyar. Ban koma ɗakin ba ranar.

Ni ne Gershon Boaz, hedimastan wata firamare kusa da Fadan Kagoma. 'Yarta Damaris ta roƙe ni in rubuta 'yan kalmomi a littafin jana'iza, wai ni ne ɗalibin da Mama ta fi ambata. Na amsa, amma sau huɗu ina yage takarda. Mama, ba zan iya yabonki da bakin da ya yi miki ƙazafi ba, sai na fara wanke shi. Shekara goma sha uku sunanki yana ɗauke da laifin da ba ki yi ba, kuma ni na ɗora miki.

Na san ki a 2011, a cibiyar karatun ƙarshen mako inda mu malaman firamare muke zuwa Kafanchan neman ƙarin ilimi. Ke kike koyar da akshan risac, wato binciken da malami yake yi a kan aikinsa, a cikin ajinsa. Kin ce mana ba wani abin tsoro ba ne. Malami ya ga abin da ke damun yaransa, ya gwada wata dabara, ya lura da abin da ya faru, ya zauna ya yi tunani, ya gyara, ya sake gwadawa. Kin ce duk macen da miyarta ta yi tsami jiya ta san wannan aiki, bambancin kawai shi ne malami yana rubutawa. A bayan idonki muna kiranki Mama Ina-Shaida, domin ko mutum ya ce miki yaransa suna son waƙa, sai kin sauke tabarau kin tambaye shi shaidarsa. Kin san da sunan. Wata rana ma da kanki kika rubuta shi a allo, muka rasa inda za mu sa fuska.

Alherinki ba a ɓoye yake ba. Malamai mata masu goyo a ofishinki suke shimfiɗe jarirai. Wanda ya zo daga nesa, daga Nok ko ƙauyukan bayanta, ruwa ya tare shi, ɗakin baƙinki yake kwana, da safe ya sha kunun acca kafin ya tafi aji. Ni kaina na kwana a wannan ɗakin sau biyu.

Aka ba ki ni ki duba furojet ɗina, wato binciken kammala karatu. Na zaɓi koya wa 'yan aji huɗu lissafin ninkawa da murafen kwalba. Yarana arba'in da shida ne. Gwajin farko na yi shi da gaske a watan Satumba, sakamakon kuwa ba kyau. Daga nan sai kakar citta ta shigo. Duk ɗan ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi: tono, wanki, tsagawa, shanya, gida ba ya ragar wa kowa hannu. Ni ma ina da gonata. Murafen kwalbar suka zauna cikin leda a bayan kabad, ban taɓa su ba ko sau ɗaya. Da lokacin miƙa aiki ya matso, na zauna a gindin mangwaron gidana da biro, na bi sunayen yara ɗaya bayan ɗaya ina ba su maki daga kaina. Har wayo na yi, na rage wa wasu kaɗan don kada abin ya yi kyau da yawa. Na rubuta cewa an yi gwaji na biyu ranar ashirin da uku ga Nuwamba, kuma kowa ya zauna.

Kin karanta a gabana, shafi bayan shafi, har kika kai jadawalin ƙarshe.

"Malam Gershon," kika ce, "yara arba'in da shida, a watan Nuwamba, a ƙasar Kagoma?"

Na ce i, Mama.

"To, iyayen ƙauyenku sun daina noman citta ke nan. Zan zo in gaishe su."

Na ɗauka ba'a ce. Ranar Litinin sai ga ki a makarantarmu a bayan ɗan acaɓa, da lemarki a hammata. Ba ki je wurin hedimasta da maganar ba. Kin jira aka tashi tara, kika ce in kawo rajista. Ranar da na ce an yi gwaji, yara goma sha bakwai ne suka zo. Kika sa yatsa a kan sunan wata yarinya, Emilia, wadda na ba goma sha takwas cikin ashirin. Tun ƙarshen Oktoba ba ta taka makaranta ba, tana wurin tsaga citta da uwarta. Kika rufe rajistar a hankali, kika ce ba za ki sa hannu ba, kuma ba za ki kai ni gaba ba. In sake aikin daga farko, ko da zai ci mini shekara guda.

Da ina da hankali, a ranar zan durƙusa in gode. Dokar cibiyar a fili take, wanda aka kama da sakamakon ƙarya korarsa ake yi. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Abokan karatuna za su gama su bar ni, matata tana da ciki, a majami'a an riga an fara kirana mai babban satifiket. A watan Janairu na rubuta takardar ƙara zuwa ga shugabannin cibiyar. Na ce kin riƙe mini aiki ne don ni ba ɗan yarenku ba ne. Na san nauyin wannan magana a ƙasarmu, shi ya sa na zaɓe ta. Na rubuta ta da hannun da ya karɓi kofin kunu a gidanki.

Aka kafa kwamiti. Ban san abin da aka faɗa a ciki ba a lokacin, sakamakon kawai na gani. Aka cire ki daga duba furojet na ɗalibai har shekara biyu, muƙamin da kowa ya san ke za a ba aka ba wani. Aikina aka miƙa wa wani malami, ya duba rubutun, ya ga jadawali ya cika, ya sa hannu. Na gama tare da abokaina. Na sa riga da hula na ɗauki hoto. A gari kuwa magana ta bazu cewa Malama Tamar tana da ƙabilanci, har a zumuntar mata an yi ta raɗe-raɗi. Na ji da kunnena, ban ƙaryata ba.

A watan Oktoba na 2012, ina cikin aji da yaran nan, waɗanda na bi zuwa aji biyar, na ɗaga kai na gan ki a bakin ƙofa. Na tabbata ranar tonon asiri ce ta zo. Kika gaishe da yara, kika nemi benci a baya, kika zauna. Da aka tashi kika ce, "Satifiket ka samu, binciken ne ba ka yi ba. Yaran nan kuma har yanzu ba su iya ninkawa ba. Zo mu yi." Ba ki ambaci takardar ba, ranar ko bayanta.

A nan na koyi aikin. Kin fara da tambayata mene ne ainihin matsalar ajina. Na ce ninkawa. Kika nuna mini bencunan da babu kowa a kai. Ashe abin da na ɓoye a furojet ɗina shi ne abin da ya kamata in bincika. Muka fara da ba yara katin aikin gida su tafi da shi gona. Bayan mako biyu katunan suka dawo a jiƙe, wasu akuya ta ci, yawanci babu rubutu. Na so in tsallake wannan a rahoto. Kika ce da shi zan fara, domin wani malami a Kujama ko Nok zai so ya gwada kati, gara ya san an gwada bai yi ba. Sai kika sa na je na zauna da iyaye bayan sujada ranar Lahadi, in tambaya, in rufe bakina in saurara. Wani dattijo ya ce mini, "Malam, da safe raɓa yana nan, ba mu tsaga citta. Sai rana ya fito." Shekara shida ina koyarwa a ƙauyen ban taɓa tambaya ba. Da izinin hedimasta muka matso da darasin lissafi da karatu zuwa farkon safiya, muka yi alkawari da iyaye cewa a makonnin kaka za a saki yaran da ake bukata da ƙarfe goma sha ɗaya. Masu zuwa suka tashi daga goma sha bakwai zuwa ashirin da tara. Ba su kai arba'in da shida ba, kuma haka na rubuta. Emilia tana cikin waɗanda suka dawo. A gwajin gaskiya tara ta samu, bayan wata biyu ta samu goma sha uku.

Sau bakwai kika zo ƙauyen nan a wannan kakar, kuma babu wanda ya aike ki. Wannan ƙaramin rahoto shi ya sa aka san ni, shi ya sa ake gayyatata bita, shi ya kai ni kujerar hedimasta. Duk inda na tsaya nakan ce wa malamai kada su rubuta abin da ba su gani ba. Suna tafa mini. Takardar ƙarata kuwa tana nan a fayil ɗinki, ban janye ba. Kowace Kirsimeti nakan kawo miki doya da kaza, in zauna a falonki da niyyar faɗar gaskiya, in ce sai baɗi. Da na ji kina asibiti na ce bari ki ɗan ji sauƙi tukuna. Tsoro ne kawai, Mama, ba wani abu ba.

Ranar Laraba na je gidan makoki. Mijinki, Baba Meshak, ya riƙe hannuna biyu ya ce wa mutane, "Ga ɗanta na Kagoma." Na so ƙasa ta buɗe. Da zan fita, Malam Alexander ya bi ni har bakin hanya. Tsohon abokin aikinki ne, yana cikin kwamitin da ya saurari ƙarata. Ya ce mini sau uku suka tambaye ki dalilin da ya sa kika ƙi sa hannu. Sun ce in akwai matsala a aikin ki faɗa, magana ta ƙare a nan. Kin san in kika ambaci rajista, korata za a yi. Abin da kika ce kawai shi ne, "Dalilin yana wurin Malam Gershon. Malami ne mai kyau da ya yi tuntuɓe. In ya shirya, shi zai faɗa." Malam Alexander ya dube ni ya ce shi ya tsufa, yana so ya san dalilin kafin shi ma ya tafi.

Na faɗa masa a tsaye a bakin hanyar. Yanzu kuma ina faɗa wa duk wanda zai buɗe wannan littafi. Malama Tamar Kumai ba ta taɓa nuna mini ƙabilanci ba. Makin gwaji na biyu da ke cikin furojet ɗina na 2011 ƙarya ne, ni na ƙirƙira shi. Ta ƙi sa hannu don ta kama ni, ta yi shiru don ta cece ni, ni kuma na saka mata da ƙazafi. Jiya na kai takarda cibiyar da hannuna, na janye ƙarar, na bayyana komai, na haɗa da kwafin satifiket ɗina. Abin da suka ga dama su yi da shi daidai ne. Kin jira ni shekara goma sha uku, Mama. Na shirya, amma na makara, kunnen da ya kamata ya ji yana cikin akwati.

Ya Ubangiji, Uban jinƙai, ka karɓi baiwarka Tamar cikin hutunka. Ta ɗauki kunyar da ba tata ba, ba ta buɗe baki ba. Ka share mata hawaye, ka tashe ta a rana ta ƙarshe tare da masu gaskiya. Ni ma ka yi mini jinƙai, ko da ban cancanta ba.

Damaris da ɗan'uwanki Ishmael, da jikoki, da zumuntar mata, da dukan malaman da suka bi ta hannunta, Allah na ta'aziyya ya riƙe ku, ya ba ku ƙarfin zuciya. Damaris, na san ba irin wannan rubutu kika roƙe ni ba. Ina roƙonki ki buga shi yadda yake.

Baba Meshak, sannu da wannan babban rashi. Ka kira ni ɗanta a gaban jama'a ba ka san abin da na yi ba. Yanzu ka sani. Bayan an gama jana'iza zan zo gida in durƙusa a gabanka, abin da ka ce da ni zan karɓa. Allah ya ba ta hutawa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.